DARASI: Tsakanin Soba Da Kasuwar Muwailih, Wa Ke Tambayar Minista?

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani aiki ne da yawancinmu muke ɗauka na 'yan boko da 'yan siyasa ne kawai, watau aikin kwamitin majalisar dokoki wajen bin diddigin abin da gwamnati take yi game da ƙasa, ruwa, daji da makiyaya. Wannan shi ne abin da ake kira manufar kare muhalli. To, falke zai ce ina ruwan biri da gada? Amsa ita ce, saniyar da ka saya a Maigatari ko Mubi ko Illela, ciyawa ta ci ta yi ƙiba, ruwa ta sha, burtali ta bi har ta iso kara. In ɗaya daga cikin ukun nan ya lalace, kuɗinka ne ya lalace. Domin a gane wannan sosai za mu ɗauki misali daga Sudan, ƙasar da kakanninmu suka ratsa a ƙasa zuwa Makka, kuma inda har gobe akwai Hausawa da Fulani birjik, daga Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu har unguwannin Khartum.

Wurare uku da ya kamata a sani

Wuri na farko shi ne Soba, wadda ke kudu maso gabas da Khartum a gefen Shuɗin Nilu. Tsohon gari ne, domin nan ne babban birnin daular Alwa kafin ta rushe wajen shekara ta 1500. A zamanin nan kuwa, abin da ya haɗa mu da Soba shi ne a can aka kafa babbar cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasar Sudan, inda aka saba gwada jini da sarrafa allurar rigakafi kafin yaƙin 2023.

Wuri na biyu shi ne Muwailih, babbar kasuwar shanu da raƙuma da ke yamma da Umdurman. Nan ne garkunan Darfur da Kurdufan suka saba sauka, wasu bayan sun yi wata biyu ko fiye suna tafiya a ƙasa daga Nyala. Tsarin cinikinsu ya yi kama da namu. Suna da mai tsaya wa baƙo, wanda suke kira damin, shi ne yake shaida cewa dabba ba ta sata ba ce, kamar yadda mai gida yake yi a karanmu. Daga nan shanu suke wucewa mahauta, ko su yi arewa ta Wadi Halfa zuwa Masar, tumaki kuma su nufi tashar jiragen ruwa ta Sawakin zuwa Jidda.

Wuri na uku shi ne ginin Majalisar Ƙasa da ke Umdurman, kusa da inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu. Muwailih ita ce aljihun falke, Soba ita ce lafiyar dabbarsa. Majalisa kuwa ita ce aka ɗora wa alhakin tambayar gwamnati ko kuɗin da aka ware wa Soba ya isa Soba, ko kuma hanyar da ke kawo shanu Muwailih tana nan a buɗe.

Mene ne kwamitin majalisa?

Majalisa mai mutum ɗari huɗu ba za ta iya zama gaba ɗaya ta karanta takardun kowace ma'aikata ba. Saboda haka sai a rarraba 'yan majalisa ƙungiya-ƙungiya, kowace a ba ta ma'aikatun da za ta sa wa ido. Wannan ƙaramar ƙungiya ita ce kwamiti. Kafin a rushe ta a 2019, Majalisar Ƙasa ta Sudan tana da kwamitin noma da dabbobi da gandun daji, da kuma kwamitin lafiya da muhalli da yawan jama'a.

Aikin kwamiti kashi huɗu ne. Na ɗaya, ya tace doka kafin a zartar da ita. Na biyu, ya duba kasafin kuɗin ma'aikata kafin majalisa ta amince. Na uku, ya kira minista da manyan ma'aikatansa su zo su yi bayani. Na huɗu, ya fita rangadi ya gani da idonsa, sa'an nan ya rubuta rahoto. Tsarin mulkin wucin gadi na Sudan na 2005 ya ba Majalisar Ƙasa ikon amincewa da kasafin kuɗi, da kiran ministoci, da yi musu tambayoyin titsiye, har ma ta ba shugaban ƙasa shawarar ya sauke ministan da ta daina amincewa da shi. Wannan tsarin mulki ya kuma ce jama'ar Sudan suna da haƙƙin zama cikin muhalli mai tsabta.

A lura da kalmar nan, shawara. A ƙarƙashin wancan tsarin mulki, majalisa ba ta korar minista da kanta, sai dai ta faɗa wa shugaban ƙasa, in ya ga dama ya ji. Daɗin daɗawa, a zaɓen 2015 wanda manyan jam'iyyun adawa suka ƙaurace wa, jam'iyyar shugaba Umar al-Bashir ta ci kujera 323 cikin 426. Watau mai tambaya da wanda ake tambaya 'yan gida ɗaya ne. Tun kafin nan ma, a watan Disamba na 1999 da shugaban ya saɓa da kakakin majalisa Hasan al-Turabi, rushe majalisar ya yi gaba ɗaya. Kowane ɗan majalisa da ya zo baya ya san wannan labari.

Dokoki suna nan, amma ina burtali?

Sudan ba ta rasa dokoki ba. Tun farkon shekarun 1990 aka kafa babbar majalisar kula da muhalli da albarkatun ƙasa, aka yi dokar kare muhalli a 2001, aka yi dokar gandun daji a 2002, sa'an nan a 2015 aka yi dokar makiyaya da abincin dabbobi. Sai dai waɗannan dokoki sun tarar da wasu tsofaffi da suka riga suka yi ɓarna. A 1968 aka kafa hukumar noman tarakta. A 1970 aka yi dokar da ta ce duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce. A 1971 aka soke mulkin sarakunan gargajiya, waɗanda su ne suke buɗe burtali, su sanya ranar shigowar dabbobi gonaki bayan girbi, su kuma sasanta manomi da makiyayi. Makiyayi ba ya da takardar rajistar daji. Saboda haka filayen kiwo na Gadarif, Sinnar, Shuɗin Nilu da Kurdufan ta Kudu suka riƙa komawa manyan gonakin dawa da riɗi, burtalin da Larabawan can suke kira masar ko murhal ya riƙa tsukewa, wani wurin ma ya toshe.

A 2007 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da wani babban rahoto a kan Sudan. Ta ce tun daga shekarun 1930 iyakar hamada ta gusa kudu da tsakanin kilomita 50 zuwa 200, ta kuma ce yawan dabbobi ya tashi daga ƙasa da miliyan 30 a 1961 zuwa fiye da miliyan 130 a 2004. Dabbobi sun ninka fiye da sau huɗu, fili kuma ya ragu ta arewa saboda hamada, ya ragu ta tsakiya saboda tarakta. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a watan Yuli na 2011, sai wuraren kiwon rani da yawa suka koma ƙetaren iyaka.

To, a nan ne aikin kwamiti yake. Doka ta ce a shata burtali. Tambayar da kwamiti zai yi wa minista ita ce: kilomita nawa aka shata bana? Turaku nawa aka kafa? Nawa aka ware a kasafin kuɗi, nawa baitulmali ya saki, nawa aka kashe? Gona nawa aka tayar daga kan hanya? In ba a yi wannan tambaya duk shekara ba, doka za ta zauna cikin kabad, tarakta kuma ba ta karanta doka.

Misalai uku daga ƙasa

Misali na farko yana nan dab da Soba. A shekarun 1960 an dasa wani babban daji na itatuwan turare a kudancin Khartum, ana ba shi ruwan bahaya na birni wanda aka tace, domin ya tare ƙura da iskar hamada. Suna kiransa al-Hizam al-Akhdar, watau Koren Ɗamara. Da birni ya cika ya batse, musamman bayan farin 1984 da yaƙin Kudu sun koro dubban mutane, sai aka sare shi aka yanka filaye. Gwamnati ce ta dasa, a hannun gwamnati kuma ya salwanta. Duk wanda ya san yadda hurumin garinsu ya koma fuloti, ya san wannan labari.

Misali na biyu itaciyar miskit ce, wata ƙaya da aka shigo da ita Sudan a 1917 aka dasa a Shambat, daga baya aka yi ta yaɗa ta da sunan yaƙi da hamada. Dabbobi suka ci 'ya'yanta suka watsa irin a kashinsu, ta mamaye gonakin Sabuwar Halfa da fadamun Gash da Tokar, ta toshe mashaya. A 1995 gwamnati ta ba da umurnin a kawar da ita. Watau an kashe kuɗin jama'a an dasa, an sake kashe kuɗin jama'a ana tumɓukewa. Manufa mai kyakkyawar niyya ma tana bukatar mai tambaya, kuma wanda ya fara ganin illar ƙayar nan shi ne mai bin bayan shanu.

Misali na uku haƙar zinariya ce. Bayan man fetur ya tafi da Kudu a 2011, Sudan ta koma kan zinariya. Masu haƙa suna wanke ta da zaiba, kamfanoni kuma suna sake tace tarkacen da sinadarin sayanayid. Jama'ar Kurdufan ta Kudu da jihohin arewa sun daɗe suna kukan mutuwar dabbobi da tsuntsaye a kusa da kududdufan wankin. A watan Oktoba na 2019 rikici ya ɓarke a Talodi, kuma cikin wannan wata majalisar ministoci ta ba da sanarwar hana amfani da waɗannan sinadarai. Amma a lokacin babu majalisar dokoki, saboda haka babu kwamitin da zai dawo bayan wata shida ya tambaya ko an daina. Mutanen Zamfara, inda gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a 2010, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani.

Yadda abin yake isowa aljihu

Wani zai ce duk wannan matsalar makiyayi ce, shi falke saye da sayarwa kawai yake yi. To, a duba abin da ya faru a 2007. An yi ruwa mai yawa da ambaliya, sauro ya yawaita, cutar zazzaɓin Rift Valley ta ɓarke a jihohin Farin Nilu, Jazira da Sinnar. Cuta ce mai sa dabbobi ɓari, tana kuma kama mutane, musamman mahauta da makiyaya. Fiye da mutum 200 suka rasu, kuma a jikin mutane aka fara gane ta kafin a tabbatar da ita a dabbobi, alhali kamata ya yi a ce likitan dabbobi ne ya fara busa ƙaho. Saudiyya ta rufe ƙofa ana dab da aikin Hajji, lokacin da ragon layya ya fi daraja. Wanda ya tara tumaki da bashi ya ci gaba da sayen dusa da ruwa, babu mai saye.

A watan Oktoba na 2019 aka sake rufe ƙofar saboda wannan cuta. A 2020 kuma aka riƙa maido da jiragen ruwa cike da tumaki daga Saudiyya, bisa dalilin cewa gwajin jini ya nuna rigakafin bai kama yadda ake bukata ba. Sa'an nan a watan Yuni na 2022 wani jirgi mai suna Badr 1 ya nutse a tashar Sawakin ɗauke da tumaki kimanin 15,800, alhali an ce 9,000 ya kamata ya ɗauka. Kimanin 700 kawai aka ceto.

A ƙasar da majalisa take aiki, kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai sa a kira minista da shugaban tashar jiragen ruwa da shugaban cibiyar Soba su zauna gaban kwamiti da takardunsu, 'yan kasuwa su ma a ba su dama su faɗi asararsu. Amma an rushe Majalisar Ƙasa a watan Afrilu na 2019 da aka hamɓarar da al-Bashir. Takardar tsarin mulkin watan Agusta na 2019 ta yi alkawarin kafa majalisar riƙon ƙwarya mai wakilai har 300 cikin kwana 90, ba a kafa ta ba. Majalisar mulki da ta ministoci su suka riƙa haɗuwa suna yin doka, watau mai aiki shi ne mai duba aikin kansa. Aka yi juyin mulki ranar 25 ga Oktoba 2021, yaƙi kuma ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, har lokacin babu majalisa. Yaƙin ya tsayar da ayyukan hukumomin Khartum, ya kuma katse hanyar Darfur zuwa Umdurman. Allah Ya kawo wa 'yan'uwanmu na can sauƙi, Ya ji ƙan waɗanda suka rasu.

Darasin da ke nan biyu ne. Kwamiti mai rauni ba ya hana ɓarna, gaskiya ne. Amma ko mai raunin yana da ƙofar da za a ƙwanƙwasa, yana da rajistar da za a rubuta koke, yana da 'yan jarida da ke zaune suna ji. In an rushe shi, sai dai mutum ya kai kukansa ga wanda ya buge shi.

Mu dawo gida

A Nijeriya tsarin mulkin 1999 ya ba Majalisar Dattawa da ta Wakilai ikon bincike a sashe na 88 da na 89, har da ikon kiran kowane mutum da takardunsa, domin tona almundahana ko sakaci ko almubazzaranci. Majalisun jihohi suna da irin wannan iko a sashe na 128 da na 129. Wannan na jihohi ya fi shafarmu, domin dokar mallakar ƙasa ta 1978 a hannun gwamna ta sa filaye. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa tun 1965 take, asusun gyaran muhalli tun 1981, hukumar Babbar Koriyar Ganuwa ta sami dokarta a 2015, an kuma kafa ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi ta tarayya a 2024. Kowace ɗaya tana da kwamitin da ya kamata ya tambaye ta. A Nijar akwai dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010, waɗanda suka amince da haƙƙin makiyayi na yin ƙaura da dabbobinsa, amma an rushe majalisar dokoki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Ita kuwa Ingila, tun 1997 majalisarta ta kafa kwamiti na musamman wanda yake bin kowace ma'aikata, ko ta kuɗi ce ko ta hanyoyi, yana auna aikinta da alkawarin da gwamnati ta ɗauka game da muhalli. Dabarar nan tana da amfani, domin sau da yawa wanda ya toshe burtali ba ma'aikatar dabbobi ba ce, ma'aikatar filaye ce ko ta ayyuka ko ta ma'adinai.

Abin da reshe zai yi

Kwamiti ba ya ganin daji daga ofis. Abin da aka kai masa shi yake gani, kuma masu manyan gonaki da kamfanonin ma'adinai ba sa gajiya da kai nasu. Saboda haka muna ba kowane reshe shawara kamar haka.

Na ɗaya, a sami littafi a kowace kara. Duk ayarin da ya sauka, sakatare ya tambayi masu kora: wane burtali aka toshe, a wane gari, yaushe? Wace mashaya ce ta ƙafe ko ta gurɓace? Dabba nawa ta mutu a hanya, da wace alama? Shinge nawa aka biya kuɗi, akwai rasit ko babu?

Na biyu, a san sunan shugaban kwamitin noma da na muhalli a majalisar jiha, da sunan akawun kwamitin, domin shi ne yake riƙe da takardu.

Na uku, a rubuta koke gajere, shafi ɗaya ko biyu, da kwanan wata da sunan wuri da adadi. "Ana zaluntarmu" ba ta sa a kira kwamishina. "An nome burtalin da ya tashi daga gari kaza zuwa gari kaza a daminar bana, ayari goma sun yi zagayen kwana uku" ita take sa a kira shi. A miƙa ta hannun ɗan majalisar mazaɓa, a karɓi kwafi mai hatimi.

Na huɗu, a kai koke kafin a zartar da kasafin kuɗi, watau cikin watannin ƙarshen shekara lokacin da kwamishinoni suke zuwa kare kasafinsu. Bayan an sa hannu, sai baɗi.

Na biyar, a tafi tare da makiyaya da mahauta, in da hali har da manoman da ke gefen hanya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Sudan an yi dokar 2011 wadda ta maye gurbin tsohuwar ƙungiyar makiyaya ta ƙasa da ƙananan ƙungiyoyin masu sana'a, muryar da take guda sai ta rarrabu.

Na shida, a koma bayan wata uku a tambayi inda aka kwana. Mu ma kada mu bar namu laifin. Wanda ya ɓoye dabba mai ciwon huhu ko boru ya cusa ta cikin ayari, ko ya loda wa tirela fiye da ƙima, ba ya da bakin tuhumar gwamnati.

Tambayoyin tattaunawa a taron reshe

1. Waɗanne burtali ne suke kawo shanu kasuwarmu, kuma wanne ne ya tsuke cikin shekara biyar da suka wuce?
2. Wa ke wakiltar mazaɓarmu a majalisar jiha, kuma yaushe rabon da shugabanninmu su zauna da shi a kan maganar kiwo?
3. In yau aka rufe iyaka saboda cuta, wace hukuma ce za ta gwada jinin dabbobinmu, kuma wa ya san ko tana da kayan aiki?

Sakatarorin rassa su aiko da amsoshinsu hedkwata domin a tattara. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye dukiya da masu ita a kan hanya, Ya sa mu dace. Amin.